MUTUMIN DA KE BAYAN FAMFO



Kun saba jin muryar likita ko ta duba-gari a wannan fili. To, yau ba likita ba ne ya ke yi muku magana. Ni ma'aikacin gidan ruwa ne, watau wurin nan da a ke jawo ruwan kogi a gyara shi kafin a tura shi cikin famfo. Na yi shekaru masu yawa ina wannan aiki, dare da rana, daga baya kuma na taɓa aikin ɗaya gidan, inda a ke gyara ruwan ƙazanta. An ce in zo in gaya muku yadda aikin ya ke, domin ya shafi lafiyarku ƙwarai.

Watakila wani da ke zaune a bakin ɗakin magani yana jiran dispensa zai ce, ina ruwana da famfo, mu da ke ƙauye rijiya gare mu da rafi? Ka yi haƙuri ka saurara, malam. Ai kana zuwa birni cin kasuwa, kana kuwa shan ruwa a can. 'Ya'yanka suna makaranta a can. Kuma abin da mu ke yi da manyan injuna, shi ne uwargida ta ke yi da randa da tsumma, girma ne kawai ya bambanta. Wanda ya gane namu zai fi gyara nasa.

Dispensa yana duba mutane ɗaya bayan ɗaya. In ya yi kuskure, mutum guda ya cuta. Amma mai jiran gidan ruwa, in ya yi sakaci dare ɗaya tak, yana iya aika rabin gari asibiti kafin mako ya zagayo. Wannan shi ne nauyin da ke wuyansa, galibin mutane kuwa ko sunansa ba su sani ba.

Bari mu fara daga kogi. Kowa ya san yadda ruwan kogi ya ke zama da damina, ja wur, kamar an dama kunu. Abu biyu ne a cikinsa. Na ɗaya laka, wadda ido ke gani. Na biyu ƙwayoyin cuta, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke kawo kwalara, watau amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da atuni, da wani irin ciwon shawara. Asalinsu kuwa ɗaya ne, bayan gida na mutum ko kashin dabba da ruwan sama ya kwaso daga bakin rafi. Laka ba ta cika kashe mutum ba, amma ita ce maɓoyar waɗannan ƙwayoyi. Saboda haka sai an raba ruwa da laka tukuna kafin a iya kai musu hannu.

Ba yau aka fara wannan aiki a ƙasarmu ba. A Kano, tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwa na Challawa. Yanzu akwai na Tamburawa ma. Abuja tana sha daga madatsar Usuma, Yamai kuma daga kogin Kwara ta gidan ruwa na Gudel. Duk inda ka je, hanyar kusan iri ɗaya ce.

Da fari ruwa ya kan bi ta cikin raga ta ƙarfe wadda ke tare itace da ciyawa da leda. Wannan ba shi da wuya, sai dai a riƙa sharewa. Sa'an nan a zuba masa alif, wanda waɗansu ke kira alam, shi dai wannan da mata ke saya a kasuwa su kaɗa cikin randa. Aikin alif shi ne ya tattara ƙurar lakar nan da ta ƙi kwanciya, ya haɗa ta gudaji-gudaji kamar na kindirmo, har ta yi nauyi ta nutse. Mutanen Sudan da ke bakin kogin Nilu sun daɗe suna yin haka da 'ya'yan zogale da aka daka, yana kuwa yi.

A nan ne gwanintar ma'aikaci ta ke fara bayyana. In alif ya yi kaɗan, ruwa ba zai kwanta ba. In ya yi yawa, an yi asarar kuɗin jama'a, ruwan ya yi tsami, ya shiga cin bututu, kuma abin mamaki, sai ya sake ƙin kwanciya. Babu wani awo guda da za a ce shi ke nan kullum, gama kogi ba ya zama iri ɗaya. Na safe dabam, na yamma dabam, na rani dabam, na marka dabam. Don haka muna da kwalabe shida da a ke jerawa a kan tebur. Sai a cika su da ruwan kogi na wannan sa'a, a sa wa ta fari alif kaɗan, ta biyu a ƙara, haka har ta shida, a kaɗa su tare, a zauna a zuba ido. Wadda ta riga sauran kwanciya, ruwanta ya fi haske, ita ce ta faɗi awon da za a bi. In tsami ya yi yawa kuma, a gyara da farar ƙasa irin ta shafen ɗaki. Da rani mutum ya kan yi kwanaki bai canja awo ba. Amma ranar da aka yi ruwan farko a can sama, ko da ɗigo bai sauka inda ka ke ba, cikin dare sai ka ga kogi ya juye, ka tashi ka sake jera kwalabenka, wani lokaci sau uku kafin asuba.

Daga nan ruwa ya shiga manyan kwatarniya na siminti, inda ya ke tafiya a hankali ƙwarai har awa biyu ko fiye, laka tana sauka ƙasa, na sama mai haske yana tsallakewa. Sai matata. Matatar nan ba wani abin al'ajabi ba ne, yashi ne mai kauri wajen kamu biyu, a kan tsakuwa. Ruwa ya bi ta ciki ya fito ƙasa garau. Bayan kwana ɗaya ko biyu yashin ya kan toshe, sai a tsai da ita, a turo ruwa mai kyau daga ƙasa da ƙarfi, yashin ya tashi yana tafasa kamar tukunya, dauɗar ta fita ta wata hanya. Ma'aikacin kirki ba ya tura ruwan farko da ya fito bayan wankin nan zuwa gari, sai ya ga ya washe.

Kada ku raina yashi. A shekarar 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hambug na ƙasar Jamus, ta kashe mutum fiye da 8,000. A jikin Hambug akwai wani gari, Altona, har gidajensu sun haɗe. Kogi ɗaya su ke sha, sunansa Elbe, kuma Altona ce a ƙasa, watau ƙazantar Hambug tana biyowa ta ƙofarta. Duk da haka cutar ba ta yi mata ɓarna kamar ta maƙwabciyarta ba. Dalili? Altona tana tace ruwanta da yashi, Hambug kuwa ba ta tacewa. Ku ma ai kun ga irin wannan da idonku. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Babu allura, babu ƙwaya da ke kashe shi. Da tsumman tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki aka yi yaƙinsa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ya ƙare a Nijeriya da Nijar. Yaran yanzu sai labari.

To, ruwa ya fito daga matata garai-garai, in ka gan shi a kofi sai ka ce na ƙorama ne. Ya sha? Bai sha ba tukuna. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A aikin ruwa ido bai san kome ba. Ruwa yana iya yin haske kamar gilashi alhali kwalara tana ciki. Sai an sa masa magani, sunansa kulorin. Wani gidan ruwa yana samunsa iska ne a cikin tukwanen ƙarfe, wani kuma gari ne fari a cikin durom. An fara sa shi kullum cikin ruwan gari a Amurka a 1908, tun daga nan taifot ya yi ta ja da baya a biranensu.

Ku lura da yadda ya ke aiki, don zai amfane ku a gida. Kulorin yana ƙarewa ne wajen faɗa. Duk dauɗar da ya tarar sai ya kama ta, shi kuma ya ragu. In ruwa da laka, lakar za ta cinye shi, ƙwayoyin cuta su tsira. Shi ya sa a ke kwantarwa, a tace, kana a sa shi daga ƙarshe. Kuma ba nan take ya ke kisa ba, sai an ba shi rabin awa. Bayan rabin awan nan a ke so a auna a ga ya yi saura, domin sauran nan shi ne guzurin da ruwa zai tafi da shi cikin bututu mil da yawa, ko zai gamu da wata ƙazanta a hanya. Abin da a ke nema ya ragu kuwa ɗan kaɗan ne, rabin miligiram a lita guda. In kuna so ku gane ƙanƙantarsa, kamar nauyin gishiri cikin ƙaramin cokalin shayi ne a jarka 400. A famfon ƙarshen gari ma a ke so a tarar da ɗan ragowarsa, kada ya kasa 0.2.

Awon ba shi da wuya. A ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a jefa wata 'yar ƙwaya, a girgiza. In da kulorin, ruwan zai yi ja-ja, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa ƙwarai. A kara shi da wani allo mai launi, a karanta lamba, a rubuta a littafi tare da lokaci, a sa hannu. Minti biyar ya isa. Ana yi kowace awa ko awa biyu, dare da rana, da sanyi da zafi. Yaro ma zai iya. Amma jama'a, duk aikin gidan ruwa, da injunansa na miliyoyi, a kan minti biyar ɗin nan ya rataya.

Zan gaya muku abin da ya same ni, ko da ya ke ba abin alfahari ba ne. Ina saurayi, ban fi shekara guda da kama aiki ba, aka ba ni jiran dare cikin hunturu. Wurin ɗiban ruwan gwaji yana can bayan tanki, sai an fita cikin iska. Na auna da ƙarfe goma, daidai. Sha biyu, daidai. Da biyun dare ta yi sanyi ya kama, barci ya kama, na ce a raina, abin da ya yi wata guda bai canja ba, yau ne zai canja? Na jawo littafi na rubuta lambar da na saba gani, na ja bargo. Ƙarfe huɗu ma haka.

Helumanmu wani dattijo ne da ba ya barci sosai, ya kan zagayo lokacin da ba a zata ba. Kafin kiran salla sai ga shi da tocila. Ya buɗe littafi ya duba, ya dube ni, ya dubi takalmina da ke ajiye a bushe ƙarƙashin benci. Ya ce, "Yaro, ka auna na ƙarfe huɗu?"

Na ce, "Na auna, Baba."

Ya ce, "Madalla. Taso mu je ka nuna mini yadda ka ke yi, ko ni ma na koya."

Muka fita. Na ɗebi ruwa, na jefa ƙwaya, na girgiza. Fari fat. Na zubar na sake, hannuna yana rawa. Fari fat. Ashe tukunyar kulorin ta ƙare cikin dare, ba wanda ya san ko da ƙarfe nawa, ruwan kogi yana ta shiga tankin gari ba magani. Dattijon nan bai zage ni ba. Ya kashe injin da ke tura ruwa gari, muka ɗaura sabuwar tukunya, muka sa magani a tankin, muka zauna jira. Ran nan famfo bai kawo ba sai da hantsi, mutane suka yi ta zagin gidan ruwa. Ya sa na ja layi a kan lambobin ƙarya da hannuna, na rubuta gaskiyar abin da ya faru a gefe, ya kai wa injiniya, aka kuma sanar da ofishin lafiya. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ƙanenka nawa ke shan ruwan nan?" Allah ya rufa asiri, lokacin rani ne, kogi da sauƙi, ba mu ji labarin ciwo ba. Da damina ce, da watakila ba ni ne ke muku magana yau ba.

Kada ku ce wannan halin mutanenmu ne kaɗai. A ƙasar Kanada akwai wani ɗan gari, Walkerton, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Masu kula da ruwansa sun yi shekaru suna cika littafi da lambobin da ba su auna ba, ba abin da ya faru, har suka saba. Cikin watan Mayu na 2000 aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin garin. Kulorin da ke ciki bai isa ba, ba kuwa wanda ya auna balle ya gane. Yara suka fara gudawa da jini. Da ma'aikatan lafiya suka tambaya, aka ce musu ruwa lafiya lau, aka ɓata kwanaki ana neman cutar a wani wuri. Mutum 7 suka mutu, wajen 2,300 suka kwanta, waɗansu yara ƙodarsu ta taɓu. Aka ɗaure shugaban ma'aikatan. Amma alƙalin da ya bi ba'asin al'amarin bai tsaya kansu su kaɗai ba, ya ce hukuma ma da laifinta, don ta rage masu zagayawa suna duba aikin, kuma an bar mutane a kan aikin da ba a koya musu haɗarinsa ba. Ni a ganina wannan hukunci ya yi daidai. Ma'aikaci yana bukatar heluma mai tocila, yana kuma bukatar a kawo masa alif da kulorin a kan kari. Ba a auna abin da babu.

Yanzu ruwa ya bar hannunmu ya shiga bututu. Nan ne ya fi damuna, domin nan ba mu da iko sosai. In bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya huje, waje ruwa zai riƙa fita. Amma in wuta ta ɗauke, inji ya tsaya, bututu ya zama wofi, sai ya riƙa tsotsa kamar mai shan fura da kara. Ku duba unguwanninmu ku ga inda ƙananan bututu su ke bi, yawancinsu cikin kwata, waɗansu an ɗaure su da roba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ruwan farko da famfo ya kawo bayan ya yi kwana biyu a bushe, kada a tara shi a randar sha. A bar shi ya zuba har ya washe, ko a yi wanki da shi. Wanda kuma ya fasa bututu da dare ya ja ruwa gidansa a ɓoye, ba hukuma kaɗai ya cuta ba, ya buɗe wa maƙwabtansa ƙofar ciwo ne. In kun ga bututu yana yoyo, ku gaya wa mai unguwa ya kai magana.

Waɗansu su kan yi ƙorafi wai ruwan famfo yana warin magani, su koma rijiya. Ɗan warin nan shi ne shaidar guzurin da na faɗa muku bai ƙare ba. In ya dame ka, ɗebi ka rufe a randa mai tsabta, kafin safe ya tafi. Ni da na ke cikin aikin, ruwan famfon da ba ya wari ko kaɗan shi na ke tsoro. Kwalara ba ta tafi ko'ina ba. Ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, tana nan tana komowa. A 2021 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, galibinsu a nan Arewa.

Bari in juya ga ɗaya gidan. Duk ruwan da ya shiga gari sai ya fita, na wanka, na wanke-wanke, na bayan gida, na marina da majema. Ina ya ke zuwa? A yawancin garuruwanmu, masai da kwata, daga nan rafi, rafin kuwa akwai waɗansu a ƙasa da ke sha. Biranen da ke da gidan gyaran ruwan ƙazanta kaɗan ne. Abuja tana da guda a Wupa.

Aikin can ma da raga ya ke farawa, abin da ta ke tarewa kuwa ba na faɗa a rediyo ba ne. Sai a bar yashi ya kwanta, a bar kauri ya kwanta. Sa'an nan abin mamaki. Akwai ƙwayoyin halitta da ba na cuta ba, waɗanda abincinsu ƙazanta ce. Su a ke kiwo. A tara su a manyan tankuna, a riƙa hura musu iska dare da rana, su cinye dauɗar, su yi nauyi su kwanta, ruwa ya wuce da haske. A mai da waɗansu baya su ci gaba da aiki, sauran a shanya su a rana su bushe. Waɗansu masana biyu ne suka gano wannan dabara a Manchesta ta Ingila a 1914. Inda akwai fili da rana irin tamu, akwai hanya mai arha, a haƙa tafkuna a jere, ruwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya har 'yan makonni, rana da gansakuka su yi aikin ba da inji ba.

Don haka ma'aikacin wannan gida makiyayi ne, sai dai garkensa ba ya ganuwa. Yana gane lafiyarsu ta launi da ƙanshi. In tankin ya yi launin ƙasa-ƙasa, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, garke lafiya. In ya yi baƙi yana ɗoyi, iska ta kasa. In wani ya tuttulo baƙin mai ko ruwan jima a kwata, yana iya kashe garken nan duka cikin yini guda, a yi makonni kafin a sake tara wani. A kullum ya kan ɗebi ruwan tankin a dogon kofi na gilashi, ya ajiye rabin awa, ya ga iyakar inda kaurin ya kwanta, ya rubuta. Nan ma dai littafi ne da gaskiya.

Inda babu irin wannan gida kuma, ruwan ya kan tafi ɗanye. Masu lambu a gefen manyan birane, kamar bakin Jakara a Kano, da shi su ke ban ruwa da rani. Ba na zarginsu, abin da suka samu ke nan. Amma latas da kabeji da karas da za a ci ɗanye, lalle a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, ganyen miya kuma a dafa shi ya nuna.

Akwai wani abu da na ke roƙonku ku riƙe, ko kun manta da sauran. A cikin ramin ƙazanta akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasan rami ta ke taruwa. Muguntarta ita ce, in ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya ce ta tafi, alhali lokacin ne ta fi ƙarfi. Shaƙa kaɗan sai ya faɗi. Mu a wurin aiki ba mai shiga rami sai an hura iska, an auna da na'ura, an ɗaura masa igiya a jiki, waɗansu suna tsaye a sama. Irin wannan haɗari yana nan a masai na gida da tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa. Sau da yawa ba mutum ɗaya ke mutuwa ba. Na fari ya faɗi, ɗan'uwansa ya ji tausayi ya bi shi, na uku ya bi na biyu. In wani ya shiga rami kuka ji shiru, kada kowa ya bi shi haka nan, ko ɗansa ne. A buɗe bakin ramin sosai, a yi ta kaɗa iska ciki, a nemi 'yan kwana-kwana, a yi ƙoƙarin jawo shi da igiya daga sama. Kada kuma a leƙa masai da ashana ko fitilar kwai, gama akwai wata iskar a ciki mai kama wuta.

Kulorin ma da ke ceton rai yana da nasa. In tukunyarsa ta yi yoyo, iskar tana bin ƙasa, launinta tsanwa-tsanwa, tana ƙona ido da huhu. An koya mana mu gudu ta inda iska ke busowa, mu nemi tudu. Garinsa kuma ba a ajiye shi kusa da mai ko taki, ba a kuma taɓa shi da hannu tsirara.

Iyaye su kan tambaye ni ko aikin nan ya dace da 'ya'yansu. Ya dace, maza da mata, domin ɗakin gwaji yanzu mata da yawa ke riƙe da shi. Ana bukatar wanda ya iya karatu da lissafi, mai haƙuri, wanda ba ya ƙyamar ɗaukar buhu ko shiga taɓo. Akwai cibiyar koyar da aikin ruwa ta ƙasa a Kaduna, makarantun fasaha ma suna koyarwa. Amma ku gaya masa tun da wuri, ba aikin yin arziki ba ne. Zai yi Salla a bakin inji yana jin kiɗan hawa daga nesa. Ranar da ruwa ya zo lafiya ba mai tunawa da shi, ranar da ya ɗauke kowa ya san hanyar gidan ruwa.

Ku kuma na ƙauye, kowane gida yana da nasa ma'aikacin ruwa, ita ce mai kula da randa. Ga tsarin, kamar namu. In ruwa da laka, a bar shi ya kwanta, da alif ko da zogale. A tsiyaye na sama, a tace da tsumma mai tsabta da aka ninka. Kada a tsaya nan, gama alif ba ya kashe cuta. A tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ko kuwa a sa maganin kulorin da a ke rabawa a ɗakin magani, gwargwadon yadda dispensa ya faɗa, a rufe, a jira rabin awa. Randa da murfi, moɗa guda mai dogon mariƙi, a rataye ta, kada yara su tsoma hannu. Masai ya yi nisa da rijiya, kuma ya kasance a gangare, ba a sama da ita ba.

In kuma duk da haka wani ya kama gudawa kamar ruwan shinkafa, kada a jira safe. A dama ruwan gishiri da sukari na fakiti a lita guda ta ruwa mai tsabta. In babu fakiti, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba shi yana kurɓa a hanya, har a kai shi ɗakin magani. A kuma gaya wa dispensa inda gidan ke ɗiban ruwa, domin a je a duba rijiyar ko famfon kafin na biyu ya kwanta.

Lokacinmu ya cika. Mai tambaya ya ba dispensa na garinsu, zai aiko mana. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu.